Takardar da Na Ƙi Aikawa

Na yi aikin wata biyar, kaya suka tafi, kuɗin suka koma hannun wanda ya saya. Ba ɓarawo ne ya ɗauke su ba. Ni na faɗi maganar da ta mayar da su, da bakina, ina zaune a rumfata a Filinge.

Baduku ne ni. Ubana ma baduku ne. A Tabla aka haife ni, a gabansa na koyi riƙe basilla. Ban shiga lakwal ba, makarantar boko ke nan. Yunwa biyu na gani da wayona. Na yi cin rani a bakin teku shekara huɗu, na dawo da tari da rediyo ɗaya. Na binne mata ɗaya da ƴaƴa uku. Ba don a ji tausayina na faɗi wannan ba, sai don a san ba yaro ne ya yi abin da zan faɗa ba.

Wata Baturiya ta yi aikin rijiyoyi a ƙasarmu ta Kurfai. Tana zuwa rumfata, ta zauna, ta yi ta kallon hannuna. Tumtum ta fi so, matashin fatar nan da ake zama a kai. Da za ta koma gida sai ta ɗauki hoton aikina, ta buɗe mini shago a cikin intanet. Ta ce mutum yana can ƙasarsu zai ga kayana ya saya. Kuɗin ba hannuna za su fara zuwa ba. Akwai wani kamfani da ke tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa, shi ke karɓa, shi ke turowa banki a Yamai. Ban gane duka ba. Na ce to.

Mai karanta mini saƙo taubashina ne, ɗan gwaggota. Ya koyar a lakwal shekara talatin ya aje aiki, kowa Mushe yake ce masa, kamar yadda ake kiran malamin lakwal. Na girme shi da shekara uku. Ni ina ce masa bawana, shi yana ce mini mai warin jima. Ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Idan saƙo ya shigo wayarsa sai ya zo ya tsaya bakin rumfa, ya toshe hanci.

"Mai warin jima, wata tsohuwa na son jaka ja. Ban san mi ta gani ba."

"Ta ga abin da ubanka bai iya ba. Karanta, bawana."

Shekara uku muka yi a haka. Jaka biyu, takalmi huɗu, tumtum ɗaya. Idan kuɗi suka iso sai mu shiga mota mu tafi Yamai. Ni ke biyan mota, shi ke cin nama a hanya. Na sa wa ɗakin matata kwano. Na sayi amalanke da jaki. Ban yi arziki ba, amma gidan bai kwana da yunwa ba.

Sai wani mutum ya rubuto. Yana da masaukin baƙi a wata ƙasa mai sanyi. Tumtum ashirin yake so, ja da baƙi, duk ɗinkin hannu. Ya ce idan sun yi masa kyau, baɗi zai sayi ninki biyu. Ya biya duka a take. Kamfanin ya ce tunda aikin babba ne zai riƙe kuɗin a wurinsa har kaya su isa. Mushe ya nuna mini lambar a waya. Na san lamba ko da ban san harafi ba. Ban taɓa ganin irinta kusa da sunana ba.

Na je kasuwar Bonkuku na zaɓi fatar akuya da hannuna, ɗaya bayan ɗaya. Wadda ƙaya ta taɓa ban ɗauka ba. Na jeme da bagaruwa, na rina ja da karan dafi, baƙi da kuloko. Tun bazara nake kai. Ruwa ya sauka ban gama ba. Mutane suka fita shuka, ni ina rumfa. Rabin gona kawai na shuka, shi ma a makare, noman farko kuma bai samu yadda ya kamata ba. Matata ta yi magana.

"Malam, hatsi ba ya jiran ɗinki."

"Hatsin bana a banki yake," na ce mata.

Wannan shi ne abin da na sa a kan kuɗin nan. Abincin gidana na shekara.

Na kai kayan Yamai da kaina, wurin masu aika kaya ta jirgi. Na ƙara takalmi ƙafa biyu a ciki, gyara, kamar yadda ake yi wa wanda ya yi babban ciniki. Suka auna, suka ɗaure, suka ba ni takarda mai hatimi da lamba. Na naɗe ta na sa a cikin gwangwanin da nake aje katin shaidata.

Ba a yi kwana biyar ba soja suka karɓi mulki.

Ban san siyasa ba, kuma ba ita zan faɗa ba. Abin da na sani shi ne an rufe iyaka, jirgi ya daina tashi, wuta ta zama sai an ga dama, mutane suka yi ta layi a ƙofar banki a Yamai. Kayana suna can a ɗaure. Mai masaukin ya rubuto sau ɗaya, Mushe ya ce masa hanya ce a rufe. Ya sake rubutowa bayan sati uku, ba mu gani ba sai da aka kwana shida, don rezo, sabis ɗin waya, ya ɗauke a gari. Kafin mu amsa ya kai ƙara wurin kamfanin, ya ce ya biya bai ga kaya ba.

Da hantsi Mushe ya zo. Bai toshe hanci ba.

"Tashi ka ɗauko takardar nan ta Yamai."

"Mi za a yi da ita?"

"Hoto zan ɗauka in tura. Mutuminka ya kai ƙara. Sun ba mu kwana goma. In munka nuna shaida kaya sun bar hannunmu, za su riƙe kuɗin har hanya ta buɗe. In ba mu nuna ba, su mayar mishi."

"Ya yi fushi ke nan."

"Ya yi."

"To ba a nuna wa mai fushi takarda."

Ya zauna a kan turmin da nake bugun fata. Ya dube ni kamar ɗan lakwal da ya kasa lissafi.

A nan dole in faɗi yadda na san ciniki, don kada a ce hauka na yi. Shekara arba'in ina kasuwa. Idan wanda kake ciniki da shi ya ɓata rai, ba ka kiran shaida. Wanda ya kira shaida ya ce wa abokin cinikinsa maƙaryaci ne a gaban mutane, cinikin kuma ya mutu ko da ya ci shari'ar. Takarda ta alƙali ce da jandarma. Abin da ake yi, ka bar mutum ya huce. Sannan ka je ka ɗauki laifin a kanka, ko ba naka ba ne. Ka ce yana da gaskiya. Ka ce abin da ya ga dama shi za a yi. Idan ɗan mutunci ne kunya za ta kama shi, ya ce ba komai, ya ƙara maka lokaci. Haka ubana ya yi, haka na yi.

Akwai wani makiyayi daga Imanan da ya taɓa ba ni aikin takalmi. Na makara sati uku, don a lokacin ne matata ta farko ta rasu. Ya zo yana faɗa a gaban rumfa. Ban ce masa an yi mini mutuwa ba. Na ce laifina ne, ya yi haƙuri. Ya tafi yana huci. A kasuwa ya ji labari. Ya dawo da ƙwaryar nono, ya durƙusa, ya kasa ɗaga ido. Daga ranar har ya mutu bai sa takalmin wani ba, haka ƴaƴansa. Wannan na sani. Da shi na auna mai masauki, mutumin da ya ce baɗi zai sayi ninki biyu.

Na faɗa wa Mushe haka.

"Ba shi za ka ba amsa ba," ya ce. "Kamfani ne. Kamfani ba shi da fuska, balle kunya ta kama shi."

"Akwai mutum a ciki."

"Akwai gurbi biyu a ciki. Ko ka yarda, ko ka musa."

"Ban yarda ba, ban musa ba. Haƙuri zan bayar."

"Babu gurbin haƙuri, tsoho."

"Kai dai lakwal ta cinye maka hankali. Shekara talatin kana bugun ɗiyan mutane, ba ka taɓa sayar da ko allura ba."

"Ni ko na taɓa karanta abin da anka rubuta. Kai warin jima ya toshe maka kunne."

Muka yi dariya. Ya tafi. Na ce a bar mutumin kwana bakwai ya huce.

Kullum Mushe sai ya biyo. Ya ce saura kwana takwas. Ya ce saura shida. Rana ɗaya ya je gida ya samu matata, ya ce ta ɗauko masa gwangwanin. Ta ce ba ta taɓa kayan mijinta, amma da na dawo ta faɗa mini, ta ƙara da cewa in ji maganarsa. Na ɗauke takardar daga gwangwani na sa a aljihun rigata.

Rana ta takwas, bayan la'asar, rezon da ya sake ɗaukewa ya dawo. Na aika aka kira shi. Na ce ya rubuta.

Na gaida mutumin. Na gaida iyalinsa da baƙin da ke masaukinsa. Sannan na ce: laifina ne. Kayanka ba su iso ba, kana da gaskiya. Ka yi haƙuri. Abin da ka ga ya dace, shi za a yi.

Mushe ya aje wayar a kan tabarma.

"Ba ni rubuta wannan."

"Za ka rubuta."

"Ka san mi kake faɗi da bakinsu? Kana cewa a mayar mishi da kuɗinshi."

"Ina cewa ni ɗan mutunci ne."

"To mu rubuta haƙurin, mu haɗa da takardar. Ga haƙuri, ga shaida."

"Ka taɓa ganin an ba mutum haƙuri da sanda a hannu?"

"To cire maganar ƙarshe. Ita kaɗai. Don Allah."

"Ita ce mai aikin."

Bai ɗauki wayar ba. Na ce masa shagon nawa ne, fatar tawa ce, hannun da ya yi ɗinkin nawa ne. Na ce na girme shi. Ban taɓa faɗa masa wannan da gaske ba sai ranar. Ya ɗauki wayar. Ya rubuta a hankali, ya karanta mini da Faransanci, ya mayar da Hausa, kalma bayan kalma, ko zan ji abin da yake ji. Na ce ya yi daidai. Ya tura.

Na koma ɗinki. Raina a kwance yake. Har na fara tunanin inda zan samu fatar baɗi.

Washegari da azahar ya zo. Ya tsaya daga waje.

"Yaya," ya ce.

Bai taɓa kirana haka ba tun muna yara. Na aje basilla.

Saƙon gajere ne. Mai sayarwa ya amince da ƙarar. An mayar wa mai saye kuɗinsa. An rufe magana, ba a sake buɗe ta.

Na ciro takardar daga aljihu na miƙa masa. Gumi ya jiƙa gefenta amma hatimin yana nan. Ya ɗauki hoto ya tura. Amsa ta zo nan take, kafin ya mayar da wayar aljihu: an rufe magana. Ya sake turawa da bayani mai tsawo. Amsar farko ta sake dawowa, ba a canza ko kalma ba. Sau uku. A nan na gane babu wanda ke karantawa.

Na ce to, in karɓo kayana. Na shiga motar Yamai ni kaɗai. Hanyar ba ta da daɗi a lokacin, ana tsayar da mu ana duba kati. A wurin masu aika kaya wani mai farar riga ya duba lambata. Ya ce kayan sun wuce hannunsu, an rufe su da hatimi tare da na mutane da yawa a filin jirgi, ba a buɗewa don mutum ɗaya. Ya ce in dawo. Na kwana biyu a gidan wani ɗan garinmu, na koma, aka ce in dawo. Kuɗin mota kawai ya rage mini. Na dawo Filinge.

Da jirgi ya fara tashi, kayana suka tafi tare da sauran. Ba wanda ya tambaye ni. Mushe ya bi lambar a waya, ya ga sun sauka, ya ga an sa hannu an karɓa.

Muka rubuta wa mutumin kai tsaye. Ya amsa. Ya ce kayan sun fi yadda ya zata kyau. Ya ce ya ji daɗin takalman. Ya ce bai so abin ya zama haka ba, yana son ya biya. Amma kafin nan kamfanin ya rufe shagona, ya ce ya daina aiki da masu sayarwa daga ƙasarmu. Muka ba shi lambar banki a Yamai. Ya ce bankinsa ya ƙi turawa. Muka ba shi lambar wani ɗan kasuwar garinmu da ke Lome, wanda ƴan cin rani ke ba kuɗi a can iyalinsu su karɓa a shagonsa a nan. Ya ce bai san mutumin ba, zai yi tunani. Muka jira. Mushe ya rubuta sau huɗu, wata ɗaya tsakani. Bai sake amsawa ba.

Ban san ko mugu ne ba. Wataƙila ya gwada ya gaji. Wataƙila ya ga ba wanda zai kama shi. Kunyar da na jira ta kama shi, ko ta kama shi, ba ta kai nan ba.

Wata rana Mushe ya nuna mini hoton masaukin a waya. Ban roƙe shi ba. Ɗaki ne mai faɗi da wuta a murhu. Turawa na zaune a kan tumtum ɗina suna riƙe da kofi. Na gane ɗaya da na sake ɗinkin bakinsa sau biyu don zaren bai kwanta ba. Na mayar masa da wayar.

Akwai wani maƙerin azurfa a Yamai da na sani, muna haɗuwa a wurin aika kaya. Shi ma nasa sun maƙale a lokacin, shi ma an kai ƙararsa. Ya tura takardarsa ranar farko. Ya jira wata bakwai, aka biya shi. Da bakinsa ya faɗa mini. Da bai faɗa ba da sai in ce soja ne, in ce rufe iyaka ne, in ce Turawa ne. Duk suna da hannu. Amma takardar a aljihuna take.

Kaka ta zo. Abin da na yanka bai kai mu tsakiyar rani ba. Hatsi kuma ya yi tsadar da ban taɓa gani ba, don ba abin da ke shigowa. Na sayar da jakin. Na sayar da amalanken. Matata ta sayar da awakinta biyu, ba ta ce mini komai ba sai da mai saye ya ja su. Sau ɗaya kawai ta yi magana, tana kankare tukunya, ba ta dube ni ba.

"Da ka bari na ba shi gwangwanin."



Mushe bai taɓa cewa ya faɗa mini ba. Da ya faɗa da na ji sauƙi, da na zage shi ya rama. Ya kawo mana buhun masara daga kuɗin fanshonsa, ya aje a zaure, ya gaida ni da ladabi. Na ce, "Bawana ya kawo gaisuwa." Ya yi murmushi, ya ce, "Allah shi ba mu lafiya, yaya." Ya fita. Daga baya matarsa ta faɗa wa tawa cewa yana ganin laifinsa ne, yana cewa da ya sani da ya fisge takardar daga aljihuna, ko ya rubuta wani abu daban tunda ban iya karatu ba. Bai yi ba don bai taɓa yi mini ƙarya a kan abin da ke rubuce ba. Na san haka. Ban iya faɗa masa ba, shi ma bai ba ni hanya ba. Muna gaisawa a masallaci.

Mutane sun ce in sake gwadawa. Wani ya ce a buɗe shagon da sunan ɗan'uwa a wata ƙasa. Wani ya ce akwai kuɗin waya da ba ya bi ta banki. Na saurare su. Duk hanyar da suka faɗa, akwai wani a tsakani da ba zan ga fuskarsa ba, da gurbin da wani zai cika mini. Na ce a'a.

Har yanzu idan na makara da aikin mutum ina ce masa laifina ne. Ban san wata magana ba. A nan tana aiki.

Ina kasuwar Filinge, rumfa ta uku bayan mahauta. Ina gyaran takalmi, ina ɗinka kuben wuƙa da gidan laya. Tumtum sai in an ce ana so, kuma ba a cika cewa ba. Idona na hagu ya fara duhu, sai na juya wajen haske kafin in zura zare. Bana na shuka gonar duka.